Baƙi Biyu da Kwanon Layya

Hausawa kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Matafiyi yana iya mance wannan magana tsawon wata goma sha ɗaya, aiki ya ɗauke masa hankali, amma ranar sallar mutanensu sai ta faɗo masa. Duk ɗalibin da layya ta taɓa riska a wani birnin Faransa ya san wannan ciwo: gari na ta harkarsa, shi kaɗai ke da salla a zuci. Irin ciwon nan ne ya kama wasu mata da miji, ƴan ƙasar Kanada masu aikin mishan, a wani ƙauye da ke gabas da Maraɗi kan hanyar Tasawa, cikin watan Disamba na 2007.

Ba su ne farkon masu bin wannan hanya ba. A Disamban 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan ta wancan zamani. Kafin 1894 ta ƙare biyu daga cikinsu sun rasu. Mishan ɗin da ta tsiro daga tafiyarsu ta iso Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan gidan jinyar kutare na Danja a 1956. A ƙasar Maraɗi ne kuma Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zo tare da matarsa a 1981, ya gane cewa kututturan da ke gonaki ba matattu ba ne, in an rage musu tsiro aka bar masu ƙarfi za su koma itatuwa. Aikin nan, wanda manoma ke kira sassabin zamani, shi ne ya kawo maigidan da ake ba da labarinsa. Ita kuwa uwargidan ungozoma ce. Dukansu sun haura shekara hamsin, sun baro ƴaƴa uku manya a gida. Mutanen gari suka laƙaba masa Mai Itace, ita kuma suna ce mata Madan.

A garinsu na asali, cikin lardin Manitoba, Disamba wata ne na ƙanƙara da dogon dare. Ana shigo da koren itace cikin ɗaki a yi masa ado da fitilu, a gasa talotalo, dangi su taru a ci, yara su kwance kyaututtuka. A ƙauyen nan kuwa hunturu ne da hazo, leɓe na tsagewa, ƙura na shiga har cikin kwanon abinci. Kiristocin garin gida huɗu ne kacal, majami'arsu ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano. Ba abin mamaki ba ne, tun da ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Gwamnati na ba da hutu ranar 25 ga Disamba, sallar Kirsimeti da aka fi sani da Nowel, amma rijiya da turmi da kasuwar ƙauye ba su san da hutun ba.

Kirsimetinsu ta farko, ta 2006, sun yi ta su biyu a bayan ƙofa, da gwangwanin nama da waƙoƙin kaset. Bayan kwana kaɗan, a ƙarshen watan, sai ga layya. Suka ga yadda ake feɗe raguna a tsire su a kan sanduna, a jera su kewaye da wuta tun hantsi har dare, washegari a shiga rabo. Maƙwabciyarsu, wata hajiya mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ta aiko jikanyarta da kwano cike da nama. Madan ta tsaya tana shakka. Ta taɓa jin wasu Kiristoci na cewa naman hadayar wani addini ba nasu ba ne, ga shi kuma tana ganin gidan Hajiya ya fi nata bukatar naman. Sai ta mayar da kwanon yadda ya zo, ta haɗa da godiya cikin Hausarta mai tuntuɓe. Hajiya ba ta ce komai ba. Gaisuwa dai ba ta yanke ba, amma ta gajarce: ina kwana, lafiya lau, kowa ya kama gabansa.

Shekara guda Madan tana karɓar haihuwa a garin, dare da rana, mata na yaba hannunta, amma ba wadda ta taɓa shigowa gidanta don hira kawai. Ta zo ne don ta bayar, kuma tana bayarwa. Abin da ba ta gane ba tukuna shi ne, a ƙasar Hausa wanda ba ya karɓa bai zama ɗan gari ba, komai yawan alherinsa. Hannun da kullum yake sama hannun mai iko ne. Ana girmama shi, ba a sakewa da shi. Da Disamban 2007 ta kama, ta riga ta rubuta wa ƙungiyar da ta aiko su wasiƙa cewa ba za su ƙara wa'adi ba. Ta ajiye ta cikin akwati, sai an shiga Janairu maigidan ya kai ta gidan waya a Maraɗi. Shi yana son su zauna, don itatuwan da manoma suka fara bari ba su kai tsawon mutum ba, amma bai matsa mata ba.

Ranar Talata 18 ga wata, ranar da Nijar ke bukin Jamhuriya, suka hau tudun da ke bayan gari, inda nan ne kaɗai wayar salula ke samun layi. Surukinsu ya shaida musu cewa ƴarsu ta fari ta sauka lafiya, an sami namiji. Jikansu na farko ke nan. Matar da ta tarbi ɗaruruwan jarirai na wasu ba ta kusa ranar da ƴarta ke naƙuda. Ta zauna a gindin wani gawo ta yi ta kuka, maigidan na tsaye ya rasa abin faɗi. Can ya nuna mata itacen, ya ce ta dubi ikon Allah: gawo na zubar da ganye da damina, lokacin da kowane itace ke kore, ya kuma yi kore shar da rani, lokacin da daji ya bushe. Ga itacen Kirsimetinsu, in ji shi, ba sai an sare shi an kai ɗaki ba. Ta ce masa ita ba itace take so ba, jikanta take so.

A wannan shekara layya ta riga Kirsimeti da kwanaki kaɗan. Ran rabon nama aka yi sallama, sai ga Hajiya da kanta, riƙe da kwanon nan na bara. Ta dubi fuskar Madan ta ce: "Madan, lafiya na ga idonki ya kumbura? Ko rasuwa aka yi?" Madan ta ce haihuwa ce, ƴarta ce ta haihu ran Talata. Hajiya ta ajiye kwanon, ta tafa hannu. "Ashe kin yi sabon miji kika ɓoye mana! A garin nan ba a ɓoye haihuwa. In ran Talata aka haife shi, ai ran Talata mai zuwa ne suna." Madan ta ƙirga da yatsu: Talata mai zuwa ita ce 25 ga Disamba. Ta sa hannu biyu ta ɗauki kwanon. Da dare suka ci naman, ita da maigidan, ba wanda ya ta da zancen bara.

Kafin magariba labari ya gama gari. Mata suka yi ta shigowa barka, wannan da sabulu, waccan da kwaryar gero, wata da ƴan dalolinta a ƙulle cikin haɓar zane. Akwai waɗanda Madan ta san rumbunsu ba zai kai su bazara ba. Zuciyarta ta ce ta hana su, ta tuna bara, ta yi shiru ta karɓa. Kowace ta ce Allah Ya raya, ita kuma ta koyi amsawa da amin. Tsofaffi suka yi ta yi mata tsiyar kaka da jika, suna tambaya ko Mai Itace ya san an yi masa kishiya.

Mai Itace ya tafi kasuwa ya sayo rago, da yake farashi ya faɗi bayan salla. Fasto ya ba shi shawara ya kira mahaucin gari, Musulmi, ya yanka, don kowa ya iya ci ba tare da shakka ba. Haka Kiristocin yankin suka saba yi. Madan ta zuba rairayi cikin babbar tukunya ta mai da ita tanda, ta gasa biskit mai citta da kanumfari irin na mahaifiyarta. Safiyar Talata suka je sujada. Aka karanta labarin haihuwar Yesu daga Linjilar Luka cikin Hausa, yadda Maryamu da Yusufu suka isa Baitalami suna baƙi, masauki ya cika, aka kwantar da jariri a inda dabbobi ke cin abinci. Ta san labarin tun tana ƴar yarinya, amma sai ranar ta lura cewa labarin matafiya ne da haihuwa ta riska nesa da dangi, waɗanda makiyayan da ba su san su ba suka fara zuwa yi musu barka.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Maigari ya zo, liman ma ya zo ya zauna. Ya ce wa Mai Itace su ma suna da labarin haihuwar Annabi Isa a cikin Suratu Maryam, a gindin dabino. Dukansu sun san inda suka rabu: abin da Kirista ya gaskata game da Yesu ba shi Musulmi ya gaskata ba, kuma ba wanda ya yi kamar bai sani ba. Liman bai shiga majami'a ba, fasto bai bi sahun azahar ba. Amma shinkafa da naman rago sun shiga kowane gida, mata kuwa suka raɗa wa yaron da ba su taɓa gani ba sunan Ɗantala. Da la'asar Madan ta cika kwanon Hajiya da nama da biskit, ta kai mata da ƙafarta.

Wasiƙar ba ta je gidan waya ba. Sun ƙara shekara biyu, suka koma gida a farkon 2010. Ba a ce kewa ta bar ta ba. Kirsimeti biyun da suka biyo baya ma ta hau tudu ta yi kukanta, sai dai in ta sauko akwai gidan da za ta shiga.

A Janairun 2015, da aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, labari ya iske su a Manitoba, suka kwana ba barci. Kwana biyu bayan haka waya ta yi ƙara. Ɗan Hajiya ne ya kira, ya miƙa wa tsohuwar. Ta ce musu gari lafiya, fasto da iyalinsa lafiya, ba wanda ya taɓa ɗakin sujadarsu. Sannan ta tambayi lafiyar Ɗantala, ko ya shiga lakkwal, ta kuma tambayi kwanonta. Domin ranar da za su tashi, Hajiya ta cika shi da ƙuli-ƙuli ta miƙa wa Madan, ta ce aro ne ba kyauta ba, kuma ba ta yarda a aiko shi ta hannun kowa ba.