Asekrem, Dutsen da Ake Addu'a Baki Rufe

Mutanen Maraɗi sun san Tamanrasat a matsayin garin ci-rani da fatauci, hanyarta kuma ba baƙuwa ba ce: Agadas, Arlit, Asamaka, sai ƙasar Aljeriya. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke ƙara kilomita kusan 80 cikin duwatsun Ahaggar har su kai Asekrem. Mota tana tsayawa a gindin tudu, sauran hawan na ƙafa ne. A can sama, fiye da mita 2,700, sanyi yana ratsa ƙashi, iska ba ta hutawa, kana hango Tahat, dutsen da ya fi kowane tsawo a Aljeriya. Nan wani ɗan ɗakin duwatsu yake, wanda Charles de Foucauld ya gina a 1911.

Bafaranshe ne, haifaffen 1858, sojan doki da ya yi watsi da addini tun yana saurayi ya bi duniya. A 1883 ya shiga Maroko cikin ɓad da kama, kuma ganin Musulmi suna ajiye komai su fuskanci alƙibla shi ya fara taɓa masa zuciya. Bai musulunta ba. Addinin iyayensa ya koma a 1886. Ya yi zaman sufanci, ya yi barantaka a Nazarat, ya zama fada a 1901, a 1905 kuma ya sauka cikin Buzayen Tamanrasat.

Kiristocin da na sani a gida masu waƙa ne. Duk wanda ya ratsa kusa da majami'ar Notre-Dame de Lourdes ta Maraɗi ranar Lahadi zai ji muryoyi. Shi ya sa abin da na tarar a Asekrem ya kama ni. Mabiyan Foucauld, waɗanda ake kira Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, suna zaune a dutsen tun 1955, kuma ƙa'idarsu ce kowace rana mutum ya yi sa'a guda a gaban gurasar da aka tsarkake, wadda a imaninsu Yesu yana cikinta. Ba wa'azi, ba karatu, ba jerin buƙatu. Na zauna daga baya, na ga wani dattijo a durƙushe, hannuwa bisa cinya, ko gyaran murya bai yi ba har lokaci ya cika.

Da muka fito na ce masa, "Baba, me kuke faɗa wa Allah a wannan dogon shiru?" Ya ce ba faɗa suke yi ba, zama suke yi a gabansa. Tunani yakan tsere, ya tafi wajen abinci, ko wata tsohuwar rigima, ko ciwon gwiwa. In ka farga sai ka komo da shi a hankali da sunan Yesu, ba tare da ka tsawata wa kanka ba. Wata rana, in ji shi, sa'ar duk a komo da shi take ƙarewa, ita ma addu'a ce. Na tuna ruwan Gulbin Maraɗi na damina da aka zuba a randa: ba mai tace shi da hannu, ƙyale shi ake yi laka ta kwanta. Mu da muka tashi muna jin labarin halwar malamai ba za mu ce wannan baƙon abu ne ba, ko da yake aƙida ta raba mu, kuma ba na ɓoye hakan.

Abin da ya fi burge ni shi ne shirun bai raba Foucauld da mutane ba. Ya shafe shekaru yana haɗa ƙamus na Tamashek da Faransanci, juzu'i 4, wanda masana ke amfani da shi har gobe, ya kuma tattara waƙoƙin Buzaye masu yawa. A yunwar 1907 ya rabar da abincinsa har ya kwanta ciwo, sai Buzayen suka bi rugage suna neman nonon awaki suka cece shi. Mai bayarwa ya koma mai karɓa, daga nan ne zumuncin ya yi ƙarfi. Gaskiya ne bai yanke hulɗa da hafsoshin Faransa ba, kuma ɗan Nijar ba zai kau da kai daga wannan ba. An harbe shi ranar 1 ga Disamba 1916, a watan da jagoran Buzaye Kawsan ya yi wa Agadas ƙawanya. Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyai a 2022.

Masu hawa dutsen a yau akasarinsu Musulmin Aljeriya ne, masu zuwa kallon fitowar rana. 'Yan'uwan suna tarbar su da shayi, su amsa tambayoyi, su nuna musu ɗakin, in lokacin addu'a ya yi su nemi uzuri su shiga.