Agogon Hannu da Bugun Zuciyar Mai Gudu

Sakamakon gasar wasanni tsakanin gidaje yana wani shafi dabam, saboda haka ba zan maimaita shi ba. Maganar da nake so mu yi ta wani baƙo ce da ya shigo filin wasanmu shekara uku ko huɗu da suka wuce, watau agogon hannu irin na zamani, mai ƙirga taku, mai kuma nuna yawan bugun zuciya. Duk ɗalibin da yake da wa ko kawu a birnin Kano ko Abuja yakan dawo daga hutun Kirsimeti da guda a hannu, har wasu malamai da dattawanmu sun bi sahu. Tun daga lokacin tambaya biyu ce take bina a matsayina na malamin wasanni: "Malam, sau nawa ya kamata zuciyata ta buga in ina gudu?" da kuma "Malam, agogon nan gaskiya yake faɗa?"

Bari mu fara da ta farko. Zuciyar babban mutum mai lafiya, sa'ad da yake zaune yana hutawa, takan buga tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti guda, tana tura jini kimanin lita 5 a wannan minti. Wanda ya daɗe yana horon gudu tasa takan sauka zuwa 50, har 40, gama zuciyarsa ta yi ƙarfi, bugu ɗaya nata yana tura jinin da na wani sai ya yi ɗaya da rabi. Da mutum ya fara gudu sai ƙafafu su nemi ƙarin iska da abinci, zuciya kuwa ta ƙara sauri, jinin da take turawa ya kai lita 20 ko fiye a minti. Amma saurin nan yana da iyaka, kowa da tasa.

Lissafin da ke cikin littattafanmu na makaranta shi ne a cire shekarun mutum daga 220. Ɗan shekara 16 iyakarsa 204 ke nan, ni mai shekara 45 tawa 175. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce motsa jiki mai matsakaicin ƙarfi yakan kai mutum kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na iyakarsa, mai ƙarfi kuwa irin gudu kashi 70 zuwa 85. In mun bi wannan, ɗalibin nan namu zai yi gudunsa na yau da kullum tsakanin 143 da 173, ni kuma tsakanin 123 da 149.

Sai dai ya kamata ku san inda 220 ɗin nan ta fito, domin yara da yawa sun ɗauke ta kamar dokar da ba a taɓawa. Wasu masana biyu ne a Amurka, Samuel Fox da William Haskell, suka tattara sakamakon 'yan bincike kaɗan da aka riga aka yi, suka ja layi ta tsakiyarsu, aka buga a 1971. Kintace ne mai amfani, ba awo ba ne. A 2001 wani masani mai suna Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa suka sake duba bayanan mutum fiye da 18,000, suka kawo wani lissafi: a ninka shekarun mutum da 0.7, a cire daga 208. Da wannan, ɗan shekara 16 iyakarsa wajen 197 ce. Ko wanne aka ɗauka, iyakar mutum ta ainihi tana iya ɗara lissafin ko ta gaza shi da bugu 10 zuwa 12, wani lokaci ma fiye. Kamar a ce tsawon ɗan aji huɗu kaza ne. A cikin ajin akwai dogo, akwai gajere, dukansu kuwa lafiyarsu ƙalau.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne wani yaro na babban aji, wanda a ganina babu kamarsa a gudun dogon zango cikin 'yan shekarun nan. Wata rana a ƙarshen tsere ya dubi agogonsa ya ga 201, alhali wani ya gaya masa cewa duk wanda ya haye 200 zuciyarsa za ta fashe. Mako biyu ban gan shi a fili ba. Da na aika aka kira shi, sai ya ce, "Malam, ni kaɗai ne namiji a ɗakinmu, in na faɗi wa zai kama wa Baba noma?" Ban yi masa dariya ba, gama tsoronsa na mai hankali ne. Na tambaye shi ko ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko duhu ya rufe masa ido. Ya ce ko ɗaya, numfashinsa ma ya dawo kafin na biyu ya iso. Duk da haka muka je da shi wurin ma'aikacin lafiya ya saurari ƙirjinsa, ya ce ya koma fili. Saurayi mai lafiya da ya saki jiki a mita ɗari biyu na ƙarshe, ya ga lamba kusa da 200, ba abin mamaki ba ne.

Akwai kuma abubuwan da suka shafe mu musamman a wannan ƙasa tamu ta Bichi, Tsanyawa, Kunci da Dambatta, waɗanda masu rubuta littattafan ba su san da su ba. Hanyar gudunmu burtali ce tsakanin gonakin gero da gyaɗa, rabinta rairayi, ƙafa tana nutsewa. Gudu cikin rairayi ya fi na kan kwalta cin ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka sauri iri ɗaya zai ba ka lamba mafi girma. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40, zuciya tana aiki biyu ne, tana kai jini ga ƙafafu tana kuma kai shi ga fata domin jiki ya huce; in gumi ya zuba ba a sha ruwa ba sai ta ƙara sauri a kan sauri. Zazzaɓi yakan ƙara kimanin bugu 10 a kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya hau. Ƙarancin jini ma haka, har goro da shayi mai kauri suna da nasu rabon. Wani abin daɗi kuwa, yaranmu da suka tashi da fartanya da tallar ruwa daga rijiya, da yawansu zuciyarsu a hore take tun kafin su san sunan horo.

Yanzu tambaya ta biyu. Ku juya agogon ku dubi bayansa, za ku ga wani koren haske yana walƙiya. Agogon ba ya jin zuciya ko kaɗan. Haske yake haskawa cikin fata. Jini yana shanye koren haske, to duk lokacin da zuciya ta buga jijiyoyin hannu suka cika, hasken da ke dawowa sai ya ragu kaɗan, in sun saki ya ƙaru. Wannan raguwa da ƙaruwa yake ƙirgawa. Dabara ce mai kyau matuƙar hannu yana wuri ɗaya. Amma mai gudu yana kaɗa hannu, agogo yana rawa a kan fata, gumi yana shiga tsakani, hasken rana yana kutsawa ta gefe. Mafi rikitarwa, takun mai gudu yakan kama daga 150 zuwa 180 a minti, watau daidai unguwar da bugun zuciyarsa yake, sai agogon ya kama ƙirga taku yana ce maka zuciya ce. Da sanyin safiya na hunturu kuma jijiyoyin fata sukan tsuke, abin da agogon yake nema ya yi ƙaranci. Shi ya sa manyan 'yan tsere suka fi amincewa da ɗamarar ƙirji, wadda take ɗaukar ainihin lantarkin da zuciya take fitarwa, irin wadda kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fara fitar da marar waya a 1982.

Masana sun gwada. A 2017 Jami'ar Stanford ta sa wa mutum 60 agoguna iri 7, suna zaune, suna tafiya, suna gudu, suna tuƙa keke. Guda 6 sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, wannan kuwa abin yabo ne. Amma wajen faɗin yawan ƙarfin abinci da mutum ya ƙona babu ko ɗaya da ya yi abin kirki: mafi kyau ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Sun kuma lura kuskure ya fi yawa ga masu duhun fata, abin da ya shafe mu kai tsaye, tun da baƙar fata ita ma tana shanye koren haske. Wani bincike na Jami'ar Duke a 2020 bai sami bambanci mai yawa tsakanin launin fata ba, amma ya tabbatar da cewa kuskuren yana ƙaruwa da kimanin kashi 30 in mutum yana motsi. Ku lura fa, agogunan da aka gwada na manyan kamfanoni ne masu tsada. Yawancin waɗanda ke hannun ɗalibanmu na 'yan dubbai ne, ba su da ko sunan kirki a jikin kwali. Na taɓa ɗaura ɗaya a jikin karan dawa a gaban 'yan aji uku, ya yi 'yar walƙiyarsa ya ce 78. Ajin ya ɓarke da dariya, har yau suna kiran karan nan "majinyaci".

Wata rana kuwa abin bai zama na dariya ba. Muna horo da yamma, sai na hangi wata yarinya ta ƙaramin aji tana ja da baya, tana haki fiye da kima. Na busa usur na ce ta tsaya. Ta miƙo mini hannu ta ce, "Malam, ba komai, dubi, 92 ne kawai." Agogon yayarta ne, ya yi mata yawa, yana lilo a tsintsiyar hannu. Na ce, "'Yata, zauna tukuna." Na ɗora yatsa biyu na ƙirga, na sami 44 cikin sakan 15, watau 176, ga shi kuwa ba wani gudu ta yi ba. Bayan minti biyar a inuwar darbejiya bugun bai sauka yadda ya kamata ba, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari. Washegari gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini. Yarinyar ta ji jikinta tun da safe, amma ta gaskata gilashi ta ƙaryata kanta. Tsakanin ita da yaron nan mai 201, nata ya fi ba ni tsoro, domin lambar da ta tsorata shi gida ta mai da shi, ita kuwa tata cewa ta yi ta ci gaba.

Iyayenmu da dattawa, ku ma akwai taku a nan. Wasu agogunan suna nuna hawan jini har da sukari, na kuwa ji wani dattijo yana cewa ya rage shan maganinsa tun da agogo ya ce jininsa ya sauka. Don Allah kada a yi haka. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa kada kowa ya dogara da agogo ko zobe da ke da'awar auna sukari ba tare da huda fata ba, gama ba ta amince da ko ɗaya ba. Hawan jini kuma a je a ɗaura abin awo a dantse, kamar yadda aka saba.

Ban hana kowa sa agogonsa ba, yana ma sa malalata tashi domin su cika takunsu na yini. Mai sawa ya ɗaure shi ya kama fata sosai, ya ɗan matsar da shi sama da ƙashin tsintsiyar hannu kamar faɗin yatsa biyu, ya share gumi da ƙura daga bayansa. In lambar ta yi tsalle daga 140 zuwa 175 alhali bai ƙara sauri ba, ya san agogon ne ya ruɗe. Amma daga zango mai zuwa duk wanda zai shiga gudun dogon zango sai ya nuna mini ya iya ƙirga nasa da kansa. Ga yadda ake yi: ka ɗora yatsa biyu, manuniya da ta tsakiya, a tsintsiyar hannu ƙarƙashin gindin babban yatsa, ka danna a hankali sai ka ji motsi. Kada ka yi da babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun. Ka ƙirga na sakan 15 ka ninka sau 4. In bayan gudu ne ka fara nan take, domin bugun yana sauka da sauri, sa'an nan ka sake bayan minti guda ka ga nawa ya ragu. Gwargwadon ƙarfin horonka, gwargwadon saurin saukarsa. A cikin gudun kuma ka gwada yi wa na kusa da kai magana. In jimla tana fita, kana daidai. In kalma ɗaya ɗaya ce take fita da ƙyar, ka kusa iyakarka.

Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko zuciyarsa tana tsallake bugu, ya tsaya ko da agogo ya ce 70. Mai zazzaɓi ba ya shiga fili sai ya warke. Masu sikila da masu asma su zo mu zauna tare da iyayensu da ma'aikacin lafiya kafin a rubuta sunansu. Kowane ɗan tsere kuma zai riƙa ƙirga bugunsa da asuba kafin ya sauko daga gado, ya rubuta a bayan littafinsa na kimiyya har mako biyu, domin mu san lambarsa ta kullum. Ranar da ta haura da 10 ko fiye, ya kawo mini littafin kafin a buga ƙararrawar taro.