Haƙurin Mai Bi: Wace Wahala Ce Take da Lada?



Mu da muka baro Arewa muka zo neman abinci a Legas, haƙuri ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da shi muke gaisuwa, da shi muke ta'aziyya, da shi muke sallamar wanda aka cuta. Amma a tarurrukan zumuntarmu, daga Agege har Obalende, matasanmu suna yawan yin wata tambaya: haƙurin nan har yaushe? Kowane irin wulaƙanci ne za mu haɗiye mu ce don Allah muka yi? Tambayar ta cancanci amsa, domin masu yin ta sun ɗanɗana abin da suke faɗa.

Zamanmu a nan yana da nauyi biyu. A Kudu, da an ji Hausa a bakinmu sai a kira mu "aboki". Ran da rikici ya tashi, kamar na Idi-Araba a 2002, ko na Mile 12 a 2016, ko na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, mai adda ba ya tsayawa ya tambayi mutum inda yake sujada. A gida kuma, akwai cikinmu waɗanda dangi suka juya wa baya saboda bangaskiyarsu. Shi ya sa wasiƙar Bitrus ta fari take shigarmu sosai. Ya rubuta ta ne ga masu bi da suke warwatse a Fantas, Galatiya, Kafadokiya, Asiya da Bitiniya, mutanen da ya ɗauka a matsayin baƙi a inda suke zaune. Baƙi ne kamarmu, ana kuma yi musu kallon zargi kamar yadda ake yi mana.

Abin da ya fara koya musu shi ne su bambanta wahala da wahala. A sura ta 2 da ta 4 ya nuna cewa dukan da mutum ya sha saboda laifin da ya aikata ba abin yabo ba ne, ko da ya jure. Ya ambaci kisankai, sata, mugunta, har da shisshigi cikin al'amuran mutane. Wahalar da Allah yake karɓa ita ce wadda ta sami mutum yana kan aikata nagarta. Mu kawo maganar gida. Tun ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi. Wanda ya san da dokar, ya shiga hanyar da aka hana, aka ƙwace babur ɗinsa, za mu taya shi jaje, za mu kuma taimake shi, amma kada ya ce an tsananta masa saboda Almasihu. Haka ma mai tauye mudu da asirinsa ya tonu, da mai gadin da aka tarar yana barci. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Akwai kuma ɗaya wahalar, ita ma mun gan ta da idonmu. Wani ɗan'uwanmu mai gadi a wani ma'ajin kaya ya ƙi buɗe ƙofa da dare ga abokan aikinsa da suke fitar da kaya a ɓoye. Sun yi masa tayin kasonsa, ya ƙi. Ba a yi wata biyu ba suka haɗa baki suka ɗora masa satar, aka sallame shi ba ko sisi, ga mata da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya. Wata 'yar'uwa mai aikace-aikacen gida ta rasa aikinta domin ta ƙi abin da maigidan ya nema a wurinta. Labarinsu bai shiga jarida ba, amma shi ne labarin Yusufu a gidan Fotifar, wanda ya ƙi zunubi ya ƙare a kurkuku. A Matiyu sura ta 5, irin waɗannan ne Yesu ya sa wa albarka.

Wasu kuma sun biya farashin da ya fi haka. A ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi. An dawo da yawancinsu bayan wata guda, aka riƙe Leah Sharibu, mai shekara 14 a lokacin, domin ta ƙi barin bangaskiyarta. A Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN a Michika. A bidiyon da aka fitar ya nuna bai karaya ba, ya bar al'amarinsa a hannun Allah, bai kuma zagi kowa ba. Cikin watan nan aka kashe shi. Duk sa'ad da ƙaramar gaskiya ta yi mana nauyi a wurin aiki, mukan tuna da su.

To, haƙurin yana nufin mu yi shiru ke nan? Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 16, an yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku. Da tsakar dare suna addu'a suna waƙoƙin yabo. Da girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi ba su gudu ba, har Bulus ya hana mai tsaron kurkukun kashe kansa. Amma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a asirce, Bulus ya ƙi. Ya tuna musu cewa su 'yan ƙasar Roma ne, an keta haƙƙinsu, sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Shi kansa Ubangijinmu, da aka mare shi a gidan babban firist, ya tambayi dalili. Saboda haka wanda ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ko ya nemi lauya, ko ya je wurin shugabannin kasuwa don a biya shi haƙƙinsa, bai fita daga haƙuri ba.

Abin da aka hana mu shi ne ramuwa. Ku tuna wanda ya rubuta wasiƙar nan: Bitrus ne, mutumin da ya zare takobi ya sare kunnen Malkus a daren da aka kama Yesu, aka ce masa ya mai da takobin kube. Ya san zafin zuciya daga ciki. Shi ne ya dawo yana cewa kada a rama mugunta da mugunta, ko zagi da zagi. Ramuwa tana faɗawa ne a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Maƙwabcinmu Bayarabe mai ba mu ruwa a rijiyarsa, da Musulmin da muke cin tuwo a kwano ɗaya a Alaba Rago, ba su ne suka cuce mu ba. Kada mu manta da Liman Abubakar Abdullahi na ƙaramar hukumar Barkin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kirista sama da 200 a gidansa da masallacinsa, ya sa ransa cikin haɗari domin yin abin da yake daidai.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi shafar ƙungiyarmu. Yana da sauƙi a ce wa wanda aka kora daga aiki saboda gaskiya "yi haƙuri", kowa ya kama gabansa. Wasiƙar Ibraniyawa ta yabi masu bi da suka tsaya tare da 'yan'uwansu da aka ɗaure, ta kuma ce a tuna da masu shan wuya kamar a jikinmu abin yake. In matasanmu suka ga mai gaskiya ya kwana da yunwa, mu kuwa muna kallo, wa'azinmu ba zai hana su karɓar kaso gobe ba. Mai gadin nan ya tsaya da ƙafafunsa ne domin zumuntar mata ta kai masa garin masara da mai, wasu suka biya masa hayar wata uku, wani ya tsaya masa har ya sami sabon aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka muna roƙo, wanda ya san ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke cikin irin wannan hali, ya sanar da dattawa kafin taro mai zuwa. Wanda ya ji labarin gurbin aiki, kada ya riƙe shi shi kaɗai. Wanda kuma zuciyarsa take tafasa, ya zo mu zauna mu yi addu'a tare kafin ya ɗauki wani mataki.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin yin nagarta, da jimirin ɗaukar abin da zai biyo baya. Amin.