Wayar da ta kawo mini labarin gida

Ƴan'uwa, ni mutumin karkarar Maraɗi ne. Neman abinci ya kai ni Akokan, kusa da Arlit, inda ake haƙar yuraniyom. A shekarar 1984 aka yi fari mai tsanani. Iyayena suna gida, ni ina cikin hamada. Ban san ko sun samu hatsi ba. Ina da ƙaramar rediyo, amma in na nemi Muryar Sahel ta Yamai, shuuu kawai nake ji.

Wani dattijo mai aikin lantarki ya ga damuwata. Ya kawo waya ta jan ƙarfe, ya yanka ta biyu daidai. Muka miƙe ɗaya gabas, ɗaya yamma, bisa sanduna. Daga tsakiya muka jawo wayoyi biyu zuwa rediyo.

Na ce, "Baba, wayar da ba ta haɗe da komai a ƙarshenta, me za ta kawo?"

Ya ɗauki komin shayar da awaki, da ruwa a ciki, ya riƙa karkata shi. Ya ce, "Duba, yaro. Ruwa yana taruwa a wannan baki, ya koma ya taru a wancan. A tsakiya ne yake gudu da ƙarfi. Haka lantarki yake yi cikin wayar nan. Igiyar da tasha ta aiko ce take tura shi. A bakin waya ba shi da wurin wucewa, sai ya taru ya juyo. Shi ya sa muke ɗibarsa a tsakiya."

Ya ce awo shi ne sirrin. Kowane hannu ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar tashar. In tana kan mita 31, hannu ɗaya kusan mita 7 da rabi ke nan. A nan lantarki yana kai da komowa kusan sau miliyan 10 cikin daƙiƙa ɗaya.

Daren nan na ji Hausa tar. Na ji yadda farin ya kai har yankinmu. Da aka biya mu, na aika kuɗin hatsi gida.

An rufe mahaƙar Akokan a 2021, amma wannan sani yana tare da ni. In za ku ɗaura taku, ku nisanci wayar wutar gari. In hadari ya taso, ku cire ta daga rediyo saboda aradu.