Matsakaicin maki da hasashen damana

Kowace shekara wajen Afrilu ko Mayu, masanan cibiyar Agrhymet ta Yamai da takwarorinsu na ƙasashen Sahel sukan fitar da hasashen damana. Kafin labarin ya iso ƙauye ya riga ya tsuke: "bana akwai ruwa" ko "bana babu". Ni malamin lakol ne, kuma wannan tsukewar tana damuna, don na san irinta a aji.

A kolej mukan tara makin yaro mu fitar da matsakaici. Yara biyu kan samu 10 bisa 20: ɗaya yana da 10 a kowane darasi, ɗayan 17 a lissafi, 3 a Faransanci. Lamba ɗaya ce, amma taimakon da kowannensu ke buƙata daban ne.

Haka hasashen yake. Kwamfuta ce ke kwaikwayon yadda iska da zafin teku za su tafiyar da damana. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai tana maimaita wannan lissafi sau 51, kowane karo da ɗan sauyi a mafarinsa, saboda ƙaramin bambanci a farko yakan girma daga baya. Daga kowane karo ana iya fitar da lambobi da dama: jimillar ruwa, ranar faɗuwar damana, tsawon kwanakin da ruwa zai ɗauke, da ranar ƙarewa. Masana ƙididdiga suna neman lambobin da ke hawa da sauka tare, su tattara dubbai zuwa ƴan sifofi kaɗan, da dabarar da Karl Pearson ya fito da ita a 1901. Sannan a gwada sakamakon da damanun shekaru 30, daga 1991 zuwa 2020, da aka kasa uku: masu yawan ruwa, matsakaita, da masu ƙaranci.

Shi ya sa amsar ke zuwa da kaso. In aka ce, alal misali, yiwuwar ruwa mai yawa kashi 45 cikin 100 ce, to sauran biyun na riƙe da 55. Kuma jimilla na iya cika gona ta lalace. Manomin da ya yi binne da ɗan irin da ya rage masa, hatsi ya tsiro, ruwa ya ɗauke kwana 20, me ruwan Agusta zai yi masa?

Ɗalibaina ne ke karanta wa iyayensu saƙon waya. Don haka nake koya musu tambayoyi uku: kashi nawa cikin 100? Yaushe damana za ta faɗi? Ruwa zai daɗe da ɗaukewa bayan shuka? Ƴan uwana malamai, darasin kaso na cikin tsarin karatunmu, mu koyar da shi da hasashen bana. Iyaye kuma, in yaro ya kawo labarin ruwa, ku tambaye shi sauran lambobin kafin ku buɗe rumbun iri.