Ƙwai Mai Ado Irin Na Matan Masar

Yau labarin wata al'ada ta mutanen Masar zan ba ku, sa'an nan in roƙe ku abu guda.

A Masar akwai wani biki da a ke kira Shammun Nasim, watau shaƙar iska. Ran Littinin a ke yinsa, kashegarin Ista ta Kibɗawa, lokacin da sanyi ya wuce, zafi kuwa bai kankama ba. A 2025 ya faɗo ran 21 ga Afrilu. An ce tun zamanin Fir'auna a ke yinsa, kuma Musulmi da Kirista duka na fita. Ranar ba aiki, sai iyali su tafi lambuna da bakin kogin Nilu da guzurinsu: kifi mai gishiri, da ɗanyar albasa, da latas, da dafaffen ƙwai wanda aka rina launi launi.

Wannan ƙwan shi ya ɗauki hankalina. Wata maƙwabciyata Bamisriya ce ta koya mini, na kuwa yi mamaki da na ga kayan rinin duk suna madafina, har waɗansu ma shara na ke yi da su.

To, ga yadda za ki yi. Ki tara ɓawon albasa kamar cikin tafi biyu, ki zuba ruwa ya sha kansa, ki tafasa har ruwan ya yi ja. Ki sa cokali guda na ruwan lemon tsami, domin ɓawon ƙwai dangin alli ne, tsami kan ɗan ci bayansa launi ya kama. Sa'an nan ki wanke ƙwan kaji, farare sun fi, ki dafa su ciki minti 10. Za su fito jajaye kamar lalle. Gangamau na ba da rawaya. Zoɓo kuwa zai ba ki mamaki, gama ba ja ya ke bayarwa ba, sai shuɗi mai duhu, wajen ruwan toka.

Kadan kina son zane, ki jiƙa ɗan ganyen zogale, ki manna a jikin ƙwan, ki naɗe tam da tsumma marar kauri mai tsabta, ki ɗaure da zare kafin ki dafa. In kin kwance, siffar ganyen na nan fara sol. 'Yan makaranta, ku rubuta sunan ƙanenku da kyandir bisa dafaffen ƙwai, ku tsoma cikin rinin da ya huce. Inda kakin ya taɓa, launi ba ya kamawa. Bayan haka a goge da ɗigon man gyaɗa, in kana da kyau ka ƙara da wanka.

Amma lalle ki kiyaye abu biyu. Kada ki yi amfani da galura ko wani rinin tufafi, domin ɓawon ƙwai na da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, abin kuwa bakin yaro za shi. Kuma a cinye a ranar, kada ya kwana cikin zafi.

Ga roƙona. Da yawa cikinmu mun tashi muna jin cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Ni dai na ga yaran da suka tashi da ƙwai, ban ga ya mai da kowa ɓarawo ba. Ƙwai abinci ne mai gina jiki, yaro mai girma kuwa shi ya fi kowa bukatarsa. Kada ki kai duka kasuwa. Ki ware biyu ko uku, ki rina, ki tara yaran su taya ki naɗi, kowa ya fasa nasa ya ci a gabanki. Ai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.