Shukar da Ba Ta Son Rana

Uwargida, da a Kano wani zai ce miki akwai shukar da rana ke ɓata wa ado, dariya za ki yi. Ni ma ban yarda ba sai da aikin jinya ya kawo ni Leeds, a arewacin Ingila.

Tsakar gidan da muke haya ɗan tsukuku ne, dogayen katangu sun tsare shi, rana ba ta leƙowa sai na ɗan lokaci. Na shuka tumatir da alayyafo, suka yi tsawo siriri suka kwanta. Abin ya ci mini rai. Na taso a gidan da ake tsinkar zogale daga bakin murhu, ga ni ko ganye ɗaya na kasa rayawa.

Wata Asabar cikin watan Yuni na kwashi yara muka hau jirgin ƙasa zuwa Harrogate, inda lambun Harlow Carr yake. Wani rafi ya ratsa lambun, kuma a bakinsa, cikin inuwa da danshi, na ga ganyaye faffaɗa kamar na gwaza sun yi lif. Hosta ke nan, asalinta daga Japan da Koriya da Sin.

Na nemo irin da ake kira Frances Williams, sunan matar da ta gano shi a Amurka a 1936. Tsakiyar ganyen kore ne mai shuɗi-shuɗi, gefensa ruwan ɗorawa kamar an yi masa dajiya. Zafin rana na ƙona wannan gefen, don haka lungun da ya kashe mini tumatir shi ya dace da ita. Ki ba ta taki, kada ƙasarta ta bushe, sannan ki yi haƙuri, don sai ta shekara huɗu ko biyar take cika, faɗinta ya wuce mita ɗaya.

Abokin gabarta dodon koɗi ne. Nakan dawo daga aikin yamma in ɗauki tocila ina tsince su, maƙwabta na leƙe ta taga.

Da hunturu ya shigo sai ta narke ƙurmus, har maigida ya ɗauki tukunyar zai zubar, na ce ya bari. Cikin Afrilu sai ga tsiro kamar ƙahonnin ɗan akuya.

Autata ta tambaya ko ana miya da ita. Mutanen Japan na cin sabon tofonta, amma tawa dai ban yarda a taɓa ba.